Babur Mai Ƙafa Huɗu Da Hanyoyin Ƙasar Aujara

Duk malamin da aikinsa ya taɓa kai shi ƙauyukan ƙasar Aujara, ko sauran ƙasar Jahun da Miga, ya san kwalta ba ta raka mutum har ƙofar inda za shi. Ta kan kai shi wani babban gari ne ta sallame shi, abin da ya rage kuwa tsakaninsa ne da rairayi in da rani ne, ko taɓo in da damina ne. Malamin makarantar da aka tura wani ƙauye a bayan Gunka ko Kale, da malamin gona, da malamin asibiti mai yawon rigakafi da akwatin sanyi a goye, da malamin dabbobi mai bin rugage, duk wahalarsu ɗaya ce, watau yadda za su isa, su kuma komo gida kafin almuru.

Sabo da haka ne in an zauna hira a kan ji waɗansu suna kawo zancen wani irin babur mai ƙafa huɗu da su ke gani a talabijin da cikin wayoyinsu, yana hawan tudun yashi kamar ƙadangare, yana keta laka ba ya ko tari. Su kan ce, ina ma ƙananan hukumomi su sayo wa ma'aikatansu irinsa, ai da an huta. Maganar ba ta banza ba ce, ta kuwa isa a duba ta da natsuwa, gama kuɗin da za a kashe na talakawa ne, wanda zai hau kuma ɗan wani ne, uban waɗansu. Abin da ya kamata a fara sani shi ne babur ɗin nan iri biyu ne, akwai na sukuwa akwai na aiki, tsakaninsu kuwa kamar tsakanin ingarman da a ke zamiya da shi ran salla ne da takarkarin da ke kai hatsi kasuwa.

IRIN ƘASAR

Kafin a yi zancen abin hawa sai a yi na wurin da zai taka. Sunan Jihar Jigawa kansa, wadda aka yanke daga Jihar Kano ran 27 ga watan Agusta, 1991, ya isa ya gaya wa baƙo abin da zai tarar. Masana ƙasa sun ce jigayin nan tsofaffin tuddan yashi ne da iska ta tara a wani zamani mai nisa, sa'ad da hamada ta gangaro kudu fiye da inda ta ke a yau. Suna kwance ne layi layi, tsakanin kowane biyu kuma akwai kwari inda ruwa ke kwanciya, shi ne fadama. Sabo da haka matafiyi da zai ratsa su sai ya yi ta hawa da gangara, ya fita daga yashi mai cin ƙafa ya faɗa baƙar ƙasa, wadda da rani ta ke bushewa ta tsattsage kamar bayan kada, da damina kuwa ta zama sabulu. A watan Agusta da Satumba ƙoramu su kan cika su batse, a shekara irin ta 2022 kuwa, da ambaliya ta ci gonaki da gidaje a yawancin ƙasashen jihar, akwai ƙauyukan da sai da kwalekwale a ke shigarsu.

A zamanin En'e, lokacin da Jahun ta ke gunduma a ƙarƙashin En'e ta Kano, hakimi da malamansa a kan doki su ke rangadi, kayansu a kan jakai. Land Rover, wadda aka fara nuna wa duniya a birnin Amsterdam cikin 1948, ita ce ta zama motar Di'o da manyan ma'aikata, an kuwa yi ta ne tun asali domin manoman Ingila. Bayan da aka sāke tsarin mulkin gargajiya cikin 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, babur mai ƙafa biyu ya ci gaba da karɓe aikin doki sannu a hankali, daga Honda da Suzuki da Yamaha na Japan, zuwa Jincheng na Sin, har zuwa Boxer na Indiya wanda yau ba garin da ba ya kwana. Da shi ne za a gwada duk wani baƙon da ya ce ya zo ya taya aiki.

YADDA AKA RABU BIYU

Asalin abin nan a Amurka aka fara sayar da shi, kuma da ƙafa uku ya zo. Dillalan kamfanin Honda a can ne suka yi kukan cewa da hunturu, in ƙanƙara ta rufe ƙasa, ba mai sayen babur, suka roƙi a yi musu wani abin da za su riƙa sayarwa. Wani injiniyan kamfanin, Osamu Takeuchi, ya ƙera musu wani ɗan ƙaramin keke mai inji da manyan tayoyi uku masu taushi kamar balan-balan, aka fito da shi cikin 1970 da sunan US90, a kan dala 595. Abin wasa aka ɗauke shi. Amma ba a daɗe ba manoma suka lura yana shiga inda tarakta ba ta shiga, ga shi ba ya shan mai kamarta, sai suka fara zagaya gonaki da garkuna da shi.

Daga nan hanya ta rabu. Cikin 1981 Honda ta fito da ATC250R domin masu tsere, a shekarar da ta biyo kuma ta fito da wanda ta kira Big Red, mai kariya gaba da baya, domin masu aiki. A 1982 ɗin ne kuma Suzuki ta ƙara ƙafa ta huɗu. Mai ƙafa ukun ya yi ta kifewa da mutane, yara da manya, har cikin 1988 kamfanonin suka yi yarjejeniya da gwamnatin Amurka suka daina sayar da sabonsa. Mai ƙafa huɗu ya gāje shi, ya kuma gāji rabuwar. A gefen sukuwa aka sami Suzuki LT250R a 1985 da Yamaha Banshee a 1987, a gefen aiki kuwa Honda ta fito da FourTrax 350 a 1986, wanda ƙafafunsa huɗu duk suna ja.

Hanyar da ta fi sauƙi a ga bambancin ita ce a ajiye 'ya'yan gida ɗaya a jere. Yamaha tana yin Raptor 700 domin sukuwa, tana yin Grizzly 700 domin aiki, girman cikin injinsu kuwa, a ma'aunin nan da makanikai ke kira si-si, ɗaya ne, 686 kowanne, alhali na Boxer da muka sani 100 ne. To, amma daga nan ba su sāke kama da juna ba. Raptor bai kai kilo 200 ba, Grizzly kuwa yana wajen kilo 300. Raptor da ƙafafun baya kaɗai ya ke ja, da sarƙa, yana da kuloci da giya biyar da ta baya. Grizzly ba kuloci, ba sauya giya ana tafe, yana da giyar sauri da giyar ƙarfi, in hanya ta yi tsanani sai a danna maɓalli ƙafafun gaba su kama ja. Tankin Raptor lita 11 ya ke ci, na Grizzly 18. Raptor ba shi da wurin ɗaura ko da jakar littattafai, Grizzly kuwa an yarje masa kilo 50 a kariyar gaba, 90 a ta baya, ya kuma ja amalanke mai nauyin kilo 600.

HAWA

Wanda ya iya babur mai ƙafa biyu ya kan ɗauka mai huɗu ya fi sauƙi, tun da ba ya faɗuwa in an tsaya. Nan ne kuskuren ya ke somawa. Mai ƙafa biyu in zai sha kwana kwantawa ya ke yi tare da mahayinsa, jiki ya riga ya saba da wannan. Mai ƙafa huɗu ba ya kwantawa, sai ya nemi ya watsar da mahayi waje, ƙafafunsa na ciki su ɗaga. Dole mahayi ya zame daga kan sirdi ya jefa nauyinsa ciki, in zai hau tudu ya miƙe ya rusuna gaba, in zai gangara ya koma baya. Dogon sirdin nan da a ke gani an yi shi ne domin wannan zamewa, ba domin goyo ba, ko da ya ke duk ɗan ƙasar nan da ya gan shi zai ce wurin mutum uku ne. Totur ɗinsa ma ba murɗawa a ke yi ba, da babban yatsa a ke dannawa.

Na sukuwa shi ya fi neman wannan aiki na jiki. Ƙafafunsa na baya a kan sandar ƙarfe ɗaya su ke, tare su ke juyawa, sabo da haka gwanaye ba sa bin kwana a hankali, sai su ba shi wuta bayansa ya zame ya juyo, kamar yadda mahayi ke karya doki a gaban sarki. Abin sha'awa ne a gani, mu ma ba mu ƙi kallonsa ba. A kan busasshen yashi kuwa, a gaskiya, ba ya da na biyu, domin rashin nauyinsa ya sa ba ya nutsewa, ƙarfin injinsa kuma ya kan fisge shi bisa jigawa kafin ta kama shi. In da a ce ƙasar Aujara duk yashi ce fetal, ba gona ba fadama, kuma malami ba ya ɗauke da kome sai alƙalaminsa, da magana ta ƙare.

Amma a dubi hanyar ƙauye yadda ta ke. Amalanken shanu sun haƙa sawu biyu, sun bar tudu a tsakiya. Cikin Raptor, wajen farantin da sarƙa ke bi, bai fi inci 4 da rabi daga ƙasa ba, na Grizzly kuwa ya wuce inci 11. Tudun nan na tsakiya, da kunyoyin gona, da kututturan da aka bari bayan sassabe, duk suna jiran mai gajeren ciki. In kuwa ya shiga laka da ƙafafu biyu masu ja, sai ya tsaya yana watsa taɓo sama yana ƙara nutsewa. Sa'an nan ga gajiya. Wanda ya yi mil goma sha biyar yana tashi yana zama, hannun hagu a kuloci, ƙafa a giya, ba zai sauka ya shiga aji ya koyar da lissafi da sakin fuska ba. Na aiki kuwa mahayi zaune ya ke sosai, kowace ƙafa da sifirin nata, sai ya bi rami a hankali yana lilo. Ba ya da daɗin gudu, yana da nauyin kai a kwana, amma akwatin allurai zai isa ba a girgiza shi ba.

Turawa suna da wani kuma mai sitiyari da kujeru biyu da ɗan bodi a baya, kamar ƙaramar a-kori-kura. Kawasaki ta fara nata cikin 1988, sunan da ta sa masa kuwa, Mule, ma'anarsa alfadari, ka ga su ma da dabbar kaya suka kwatanta shi. Wannan ya fi kusa da mota, faɗinsa kuma ya fi ƙarfin turbarmu, sai mu bar shi.

ƘARKO

A kan ce na sukuwa ba shi da ƙarko. Wannan magana tana bukatar gyara. Tseren nan na Dakar, wanda a da ya ke ratsa hamada ta Agadas a ƙasar Nijar kafin a soke na 2008 sabo da rashin tsaro a Muritaniya, ya koma Amurka ta Kudu a 2009, daga baya Saudiyya a 2020. Daga 2009 zuwa 2024 an yi wa masu ƙafa huɗu rukuninsu dabam, kowace shekara kuwa Yamaha ce ta ci, waɗansu 'yan'uwa biyu mutanen Ajantina, Marcos da Alejandro Patronelli, su kaɗai suka ci sau biyar tsakaninsu. Injin da ya yi mako biyu yana cin dubban mil a yashi da duwatsu ba za a ce da shi rago ba. Sai dai a tuna, kowane dare in mahayi ya sauka, makanikai ne ke karɓar babur ɗin, da manyan motoci cike da safaya, su kwance shi su ɗaura kafin asuba. Ƙarkonsa irin na dokin sarki ne, mai barga da ɗan barga da dawa a kan kari.

Ta wani gefe ma na sukuwa ya fi sauƙin gini, kayan cikinsa ba su da yawa, kuma sarƙa da kuloci abubuwa ne da kowane makanikin babur a Aujara ya sani. Amma sarƙar a buɗe ta ke, kusa da ƙasa. Giris in ya haɗu da yashi ya kan zama kamar dutsen wāshi, ya ci sarƙa, ya ci haƙoran farantinta, ya ci boris. In ba a sa giris ba kuma ta bushe ta tsinke. Waɗanda aka yi domin tsere tsantsa sun fi haka son hidima, baƙin mansu kaɗan ne, da sa'o'i a ke lissafin juye shi.

Na aiki ba shi da sarƙa, da farfela ya ke ja kamar mota, a rufe cikin mai, yashi ba ya ganinta. Injinsa kuma an saita shi domin ja a hankali, ba ya kuka sama kamar ɗan'uwansa, sabo da haka ya kan daɗe. Amma shi ma yana da nasa lagon, kuma gara a san shi tun kafin a biya kuɗi. Galibinsu da bel su ke sauya gudu, bel kuwa in an ja kaya mai nauyi a giyar sauri cikin yashi ya kan yi zafi ya ƙone, in ruwa ya shiga gidansa ya kan riƙa zamewa. Honda ita kaɗai cikin manyan ta ƙi bel, ta tsaya a kan giyar ƙarfe, wannan kuwa abin lura ne ga mai saye. Gaɓoɓin ƙafafunsa huɗu a rufe su ke da waɗansu robobi, ƙayar aduwa ko kututturen kara na iya huda su, da sun huje yashi ya shiga, gaɓar ta tafi ke nan. Lagireto kuma a gaba ya ke, laka da ƙaiƙayi da ƙarangiya su kan toshe shi inji ya yi zafi, a ƙasar da a watan Afrilu ko mutum neman inuwa ya ke yi.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi duka biyun. Na ɗaya matatar iska. Ƙurar hunturu in ta wuce ta ta shiga inji, fistin da ringi sun gama yawo, sai a riƙa wanke ta a kai a kai, kuma wannan aikin mahayi ne. Na biyu man fetur. Sababbin nan ba su da kafireto, famfo ne na lantarki ke tura mai ta wani ɗan ƙaramin rami, wata 'yar kwamfuta tana auna shi. Man kwalba da a ke saye a bakin hanya, wanda wani lokaci akwai ruwa ko datti a ciki, Boxer zai sha ya yi atishawa ya wuce, in ya ƙi makaniki ya kwance kafireto ya busa ya mayar. Wancan kuwa in ya toshe, ko batir ya mutu, busa ba ta yi masa magani.

To, a nan ne ainihin maganar ta ke. Ƙarkon abin hawan ma'aikaci ba a auna shi da yawan kwanakin da zai yi bai lalace ba kaɗai, a kan haɗa da yawan kwanakin da zai yi a kwance in ya lalace. Boxer in ya tsinke sarƙa da hantsi, kafin azahar yana kan hanya, domin safayarsa tana kowace kasuwa, daga ta Gujungu har ta Shuwarin, in ta yi wuya ƙwarai a aika Kano. Bel ɗin Grizzly kuwa, ko robar gaɓarsa, sai an dace a same su ko a Ƙofar Ruwa, galibi sai an yi oda daga ƙetare da kuɗin waje. Duk wanda ya taɓa zagayawa bayan wata sakatariya ya ga taraktoci da motocin asibiti a jere ciyawa ta fito ta cikinsu, ya san yawancinsu ba tsufa ya kashe su ba, wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba aka rasa.

Wannan abu shi ne waɗansu Turawan Ingila, Barry da Andrea Coleman, suka gani a ƙasar Somaliya wajen ƙarshen shekarun 1980, har ya kai su ga kafa ƙungiyar Riders for Health, wadda ta yi aiki a ƙasashe da dama har da Lesoto da Gambiya da Nijeriya. Dabararsu ba ta da wuya: a koya wa malamin asibiti tuƙi sosai, ya duba mai da taya da sarƙa da birki kowace safiya, makaniki ya zo masa a kan ƙa'ida ya sauya abin da ya kusa mutuwa kafin ya mutu, a kuma ware kuɗin wannan tun ran da aka sayi babur. Abin hawan da suka fi dogara da shi kuwa mai ƙafa biyu ne, irin Yamaha AG da aka yi wa makiyayan Ostareliya, mai rufaffiyar sarƙa.

HAƊARI

Wani zai zaci na sukuwa ne kaɗai mai kisa. A Ostareliya ɗin nan da muka ambata, babur mai ƙafa huɗu ya yi shekaru yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a gonaki, kuma na aiki ne, sau da yawa ba a guje ba. Manomi ne zai ɗora tankin feshi a baya, ya bi gefen gangara, ƙafa ɗaya ta faɗa rami, kilo 300 ya kife ya danne masa ƙirji, ba kowa kusa. Gwamnatin ƙasar ta sa doka cewa daga watan Oktoba na 2021 kowane sabo na aiki sai an kafa masa wani ƙarfe a baya da zai tokare ƙasa in ya kife. Honda da Yamaha da Polaris ba su yarda da dokar ba, suka gwammace su daina sayar da irin waɗannan a can. Ko wane ne mai gaskiya tsakaninsu, abin da ya shafe mu shi ne ƙafa huɗu ba su hana kifewa ba.

Masu ƙera shi da kansu sun rubuta a jikinsa cewa kada a yi goyo a kan mai sirdi ɗaya, kada yaron da bai kai shekara 16 ba ya hau babba, kada a hau ba hular kwano, kada kuma a bi kwalta da shi, domin tayoyinsa masu taushi suna kama kwalta su sa ya tuntsure a kwana. Mai karatu ya auna da kansa, a cikin waɗannan huɗu guda nawa za a kiyaye a garinmu ran kasuwa, ko ran da aka ɗauko amarya. Iskar tayarsa ma abin kula ce. Wajen awo 5 ta ke so, ta mota kuwa wajen 30, mai faci da bai sani ba in ya cika ta da injinsa yadda ya saba, ya mai da babur ɗin ƙwallo.

INDA ZAI YI AMFANI

Ra'ayinmu dai shi ne na sukuwa ba shi da gurbi a cikin kasafin kowace hukuma. Mai hali da ya saya da kuɗinsa domin shan iska a jigawa, Allah Ya tsare shi, ya dai nisanci gonakin mutane. Na aiki kuwa yana da wurin da zai yi rana, amma wurin ƙunci ne. Kuɗin sabo guda, tun kafin a biya jirgi da kwastan, ya isa a sayi Boxer fiye da rabin dozin, shan mansa kuma ya ninka nasu, ga fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi cikin watan Mayu na 2023. Faɗinsa ya kusa ƙafa huɗu, turbar da ke ratsa gero da damina kuwa ta mutum ɗaya ce da jakinsa, in ya bi ta sai ya kwantar da shuka dama da hagu, malamin gona ya wayi gari shi a ke ƙara gaban dagaci. In an zo mashaya kuma ruwa ya cika, Boxer mai ɗan fiye da kilo 100 samari biyu za su ɗora shi a kwalekwale, Grizzly kuwa sai ya tsaya a gaɓa.

Abin da ya fi Boxer da shi shi ne ja da ɗaukar kaya a inda mota ba ta zuwa. A gonakin shinkafa da alkama na fadama zai kai injin ban-ruwa da taki, ya fito da buhuna. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Tun 2008 likitocin ƙungiyar MSF su ke aiki a babban asibitin Jahun a kan haihuwa da ciwon yoyon fitsari, ciwon da doguwar naƙuda ke jawowa in mace ta daɗe ba ta isa wurin taimako ba. Mai naƙuda ba ta iya zaman babur, amalanken shanu kuwa tafiyarsa ta hawainiya ce. Na aiki mai jan ɗan amalanke mai sifirin da katifa da rumfa, a ajiye a wani asibitin ƙauye, zai iya fito da ita bakin kwalta inda mota ke jira. Ko domin wannan kaɗai ya isa a jarraba.

In wata hukuma ta yi niyyar jarrabawar, guda ɗaya za ta saya tukuna. A tambayi dillali a rubuce ina ya ajiye safayarsa a cikin Nijeriya, a sayi bel da robobi da matatar iska da fulogi da gejin taya tare da babur ɗin rana ɗaya, a tura makaniki ɗaya na garin ya koyo shi, a damƙa makulli ga mutum ɗaya wanda aka horar, mai iyali, ba mai neman a gan shi ba. Sa'an nan akawu ya buɗe littafi mai shafi biyu, ɗaya na wannan, ɗaya na wani Boxer da ke aiki a wannan yanki, ya riƙa rubuta kwanakin da kowanne ya fita, da kwanakin da ya kwanta, da litar da ya sha, da kuɗin gyara, da ƙauyukan da ya kāsa shiga. A buɗe littafin a watan Yuni kafin ruwa ya zauna, kada a rufe shi sai ƙarshen Mayu, domin ya ga lakar Agusta, ya ga ƙurar Janairu, ya kuma ga zafin bazara.